Hannun Awaisu

A unguwarsu a Maska, in aka ce gidan awara, gidan Malam Mannir ake nufi, domin matarsa Kulu ce ke yin awarar da yara ke tsayawa jira tun hantsi da 'yan kwanukansu. Mannir manomi ne, yana da masara da waken suya da ɗan fegin auduga a bayan gari, in rani ya yi kuma sai ya hau babur ɗinsa ya yi acaɓa tsakanin Maska da Funtuwa. Gidan ba shi da yawan jama'a. Daga shi sai Kulu, sai mahaifiyarsa Inna Tasalla, sai ɗansu tilo, Awaisu.

Awaisu da wuya ya zo duniya. Kulu ta galabaita a kan gwiwa kafin a yanke shawarar kai ta asibiti, da aka samu ya fito kuma bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama da shi. Kafin suna idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka ba shi abin da aka saba bayarwa, rawayar ta washe. Kowa ya yi hamdala, aka ce an tsallake.

Ashe ba a tsallake ba. Sa'o'insa suka zauna, shi wuyansa ma bai tsaya ba. Suka yi rarrafe, suka miƙe, suka fara bin awaki a lungu, shi yana nan kwance a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Ya doshi shekara uku, hannunsa na dama a dunƙule, babban yatsan a ciki, kai ka ce wani abu ya ɓoye. Ba abin da ke wuce masa sai kunu da koko. In aka ɗiga masa tuwo a baki sai ya hau kakari har idanunsa su kawo ruwa. Amma idanun nan ba abin da ke wuce su. In zakara ya bi kaza a guje ta tsakar gida, sai ka ji ya tuntsire da dariya, jikinsa duk ya sanƙare don daɗi.

Ba a zauna haka nan ba. An sha rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi, Mannir ya je har Danja ya karɓo wani man shafawa mai warin tafarnuwa. Mata masu zuwa sayen awara kowacce da nata. Wata ta ce iska ce, wata ta ce Kulu ce ta riƙa fita da almuru tana da cikinsa. Kulu ba ta tanka musu. Ba ta ma da bakin magana a kan yaron, domin ɗan fari ne, kuma a yadda aka rene ta uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Inna. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce ɗan Inna. Daga bakin murhu take satar kallonsa ta cikin hayaƙi, tana juya awara a cikin mai, in Inna ta ɗago kai sai ta mayar da idonta kan kasko.

Wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Mero, wadda ke bin gida-gida da maganin riga-kafi, ita ce ta tsuguna wata rana ta daɗe tana duban yaron. Ta ce wa Inna akwai wata malama da aka kawo wani asibiti a Funtuwa, aikinta ke nan, yara irin wannan, kuma ba a karɓar komai. Da Mannir ya dawo aka gaya masa, ya gama wanke ƙafa, sannan ya ce, "An yi na Hausa, an yi na malamai. A gwada wannan ma."

Inna ta so ta kai shi da kanta, amma ƙugunta ba ya jure babur. Haka Kulu ta goya ɗanta, rabonta da goya shi tun kafin yaye. Ta ji nauyinsa ya ba ta mamaki. Kansa yana ta bugun bayanta duk ramin da suka faɗa, har sai da ta zagaya hannu ta tallafe shi ta cikin hijabi.

Ɗakin da aka nuna musu yana can bayan ɓangaren yara. Kulu ta ɗauka ɓata suka yi, domin babu gado, babu ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa, babu warin magani. Tabarmar roba ce shimfiɗe, da ƙwallaye, da kwanuka, da babban madubi jingine da bango. Wata siririyar mata mai tabarau ta cire takalmi ta zauna dirshan a ƙasa, ta ce sunanta Zakiyya, a kwanto mata yaron.

Ta daɗe tana wasa da shi. Ta kaɗa masa makullai ta nan, ta kaɗa ta can, ta kifar da shi, ta zaunar da shi a tsakanin ƙafafunta, ta shafa bayan dunƙulallen hannun a hankali har yatsun suka ɗan saki. Mannir yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Malama, gashin ƙashi za a yi masa?"

"Masu gashi daban ne, Malam, su ma suna da amfaninsu. Ni nawa aikin, ka ga kai aikinka noma ne. To shi yaro aikinsa a duniya ya zauna, ya ci abinci, ya kai hannu ga abin da yake so, ya yi wasa. Wannan aikin nake koya masa."

"Ba allura?"

"Babu."

"Magani fa?"

"Babu maganin da zai buɗe hannun nan. Kuma ba zan yi muku ƙarya in ce zai zama kamar sauran yara ba. Abin da ya taɓu lokacin haihuwa ya taɓu. Amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ɗanya ce, tana karɓar koyo, tana neman wata hanyar in waccan ta toshe. Shekarun nan na farko su ne namu. In suka wuce ana iya yi, sai dai da wahala."

Mannir ya jinjina kai. Ita kuwa Kulu, a duk maganar abu ɗaya ne ya zauna mata: ashe akwai lokaci, kuma tun tuni yake tafiya, tana bakin murhu ba ta sani ba.

Da Mannir ya fita gyara wa babur wuri, Malama Zakiyya ta kifa Awaisu a kan wani naɗaɗɗen bargo, ƙirjinsa a sama, kansa a rataye. Ta ce, "Maman Awaisu, dawo nan gabansa. Sunkuyo daidai fuskarsa, ki kira shi."

Kulu ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga wannan sunan da aka kira ta da shi. Ta matso, ta ce, "Kai."

"Da sunansa."

"Malama, ɗan fari ne."

"Na sani. Ni ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma ni na tashi na yi tafiya ba tare da ta kira ni ba. Shi wannan, kan nan nasa yana da nauyi a wurinsa, ba zai ɗaga shi don makullaina ba. Tun da kuka shigo ke yake bi da ido." Ta miƙe ta tura ƙofa. "Ga shi, ba kowa."

Kulu ta dubi ƙeyar yaron. Sunan da take ji kullum a bakin Inna da na maƙwabta, sai ta ji kamar ba ta san yadda ake fara shi ba. Can ta faɗe shi, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tashin wani daga barci.

"Ƙara."

"Awaisu."

Wuyan ya yi rawa. Kan ya taso kaɗan, ya koma, ya sake tasowa yana karkarwa, har idanunsa suka sami nata. Miyau na zuba a kan bargon, yana murmushi. Kulu ta ja gefen hijabinta ta rufe fuska, Malama Zakiyya kuma ta juya tana tattara ƙwallaye.

Daga ranar suka riƙa zuwa duk mako. Matan da ke haɗuwa a bencin ƙofar ɗakin, daga Bakori, daga Danja, daga ƙauyukan hanyar Malumfashi, Malamar Wasa suke ce mata. Ba ta taɓa cewa a sayo wani abu ba. Sai ta tambayi Kulu me take da shi a gida. Baho? To, a cusa tsummoki a zagaye, a zaunar da shi a ciki, bayansa da gefensa a tokare. Gero? A zuba a ƙwarya a nutsa hannayensa ciki, ya ji tsabar tana bi ta tsakanin yatsunsa. A naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri yadda zai kamu. Da ta ji sana'ar Kulu kuwa har tafawa ta yi. Ta ce a gutsuro awara tun ba a soya ba, mai laushin nan, a sa masa a gefen baki wajen turame, ba a kan harshe ba, a jira.

"Babban aikin a gida yake," in ji ta. "Ni sau ɗaya nake ganinsa a mako. Ke ce kullum."

Inna ba ta so abin ba da farko. Ta ga jikanta a baho ta ce, "Yau ga ikon Allah, yaro a baho kamar wanki." Ta ce gero abinci ne, ba abin wasa ba. Amma da ta ga yana zaune yana kallon tsakar gida a miƙe, ba a kwance ba, sai ita ce ma ke gyara masa tsummokin. Maganar sunan ce ta fi wuya. Kulu ta fara yi a ɗaka, ƙofa a saye. Sai dai awara ba ta jira, dole ta fito da bahon kusa da murhu, tana suya tana yi masa magana. Masu saye suka ji. Labari ya zaga unguwa cewa Kulu ta zubar da kunya, tana kiran ɗan fari gatsal a gaban surukarta. Wata ma a gabanta ta faɗa tana dariya. Kulu ta zuba mata awararta, ta barbaɗa yaji, ta miƙa mata.

A cikin ranin nan abubuwa suka motsa. Wuyan ya tsaya. Hannun hagu ya fara cafkar abu, ya saki, ya sake cafka. Na dama in aka sa shi a ruwan ɗumi yakan buɗe har a ga tafin, fari fat, mai laushi kamar na jariri. Wata safiya Kulu ta ga haɓarsa tana motsi gefe da gefe, ta leƙa bakin, awarar babu. Ya tauna ya haɗiye. Cokali kuwa ya daɗe yana kai shi kunci, yana kai shi ido, fate duk ya ɓata masa riga, sai wata rana da yamma, Mannir na shigowa da babur, cokalin ya sami baki. Mannir ya tsaya riƙe da babur ɗin bai kafe shi ba. Sannan ya jingine shi da bango ya koma zaure, ya daɗe a can shi kaɗai kafin ya shigo ya ce a ba shi ruwan alwala.

Sai damina ta faɗi.

Ba wanda ya ce a daina zuwa. Mako na farko shuka ce, ba a barin ta. Na biyu ruwa ya kwana ya wuni, hanya ta zama taɓo, ba mai ɗaukar yaro irin wannan a babur. Sannan noman firi, sannan taki, Mannir yana fita da duku-duku ya dawo ko magana ba ya iya yi. Ita ma Kulu sai ga laulayi ya kama ta, ƙamshin man suya ma tayar mata da zuciya yake yi. Kullum ana cewa mako mai zuwa. Tana dai yin na gida gwargwadon ƙarfinta, amma abin da aka koya mata ya ƙare, shi take ta maimaitawa, yaron ma har ya gaji da ƙwaryar geron, in an kawo sai ya kau da kai.

Ba su koma ba sai da masara ta fara goyo. Tun daga nesa Kulu ta ga bencin ya cika ya batse, mata har a ƙasa. Da layi ya zo kanta ta shiga, sai ta ga an kwashe ƙwallayen an zuba a kwali, madubin an juya fuskarsa bango.

"Maman Awaisu! Ina kika shiga? Na aika miki ta wajen Mero."

"Ba ta same mu ba, Malama. Damina ce."

Malama Zakiyya ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ƙungiyar da ta kawo ta ta gama wa'adin aikinta a nan, ita kuma an ba ta wani wuri a Abuja, yau ce ranarta ta ƙarshe.

"Wa za a kawo?"

"Na tambaya, na sake tambaya. Masu irin aikinmu ba mu da yawa. Ban ji an ce za a kawo kowa ba."

Kulu ta kwanto yaron ba tare da an ce ta kwanto ba.

Malamar ta duba shi da sauri, ta yaba wuyan, ta yaba taunar, ta kama ƙafafunsa ta buɗa, sai fuskarta ta canza kaɗan. Ta ce sun fara ɗaurewa. Daga nan ta shiga zuba wa Kulu aikin shekara guda a cikin abin da bai kai a dafa shinkafa ba. Baho ya kusa yi masa kaɗan, a sa kafinta ya yi masa kujera mai tokari nan da nan, da wani abu a tsakanin cinyoyi. A riƙa kifa shi yana dogara da hannun dama, amma kada a ja yatsun da ƙarfi, daga kafaɗa ake farawa. In ƙafar ta sanƙare a lanƙwasa nan tukuna, ba nan ba. Kada a tsayar da shi yanzu, sai ya iya kaza, in ya iya kazan kuma sai a koma kaza. Wajen sa riga hannun da ba ya aiki ake fara zurawa. In ya fara shan ruwa a kofi, ga yadda za a riƙe haɓar. Hannayenta suna ta yawo a jikin yaron, nan, can, Kulu na bin su da ido tana cewa to, to. A waje wani yaro yana ta tsala ihu, wata mata ta leƙo ta ce, "Malama, mu ma daga nesa muke."

"Kin gane?"

"Na gane."

Ba ta gane ba. Ta riƙe na farko da na ƙarshe, na tsakiyar duk sun cakuɗe. Malamar ta sa lambarta a wayar Mannir, ta riƙe hannun Kulu da hannu biyu ta ce, "Ki yafe mini. Da so samu ne da ban bar shi a nan ba." Idonta ya yi ja. Kafin Kulu ta gama ɗaure goyo wata ta riga ta shimfiɗa nata a kan tabarmar.

A gida ta gwada. Kafinta ya yi kujerar yadda ta kwatanta masa, amma da aka zaunar da Awaisu sai ya zame ya karkace, ba wanda ya san ko kujerar ce ba daidai ba ko kwatancen. Wata rana ta kifa shi ta ɗora nauyinsa a hannun dama, ta kama ƙafar za ta lanƙwasa, sai ta tsaya. Gwiwa aka ce a fara, ko ƙugu? Ta zaɓi gwiwa. Yaron ya sanƙare kamar itace, ya ƙwalla ƙara, ya yi ta kuka har ya amayar da abin da ya ci. Inna ta fito da sauri ta ɗauke shi.

"Karya shi za ki yi? In ba ki sani ba ki bari mana."

Kulu ta san gaskiya Inna ta faɗa. Ba ta sake taɓa ƙafar ba.

Mannir ya kira lambar. Malamar ta ɗauka, ta gaishe su da fara'a, ana jin hayaniyar yara a bayanta. Kulu ta karɓi wayar ta yi ta kwatance, ƙafar tana yin kaza, in an taɓa nan sai ya yi kaza. Malamar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wallahi ina tsoron in gaya miki abu ta waya ki yi ya zama ba shi ba ne. Irin wannan hannu ne ke ganewa, sai na taɓa shi. Ku daure ku kai shi Zariya."

Sai bayan an kai amfanin gona gida suka samu zuwa. Suka fita da sassafe, mota biyu suka hau kafin su isa, ga cikin Kulu ya fito, ga yaro a cinyar Mannir. A babban asibitin aka tura su nan, aka tura su can, sai bayan azahar suka ga wani ma'aikaci, saurayi mai sanyin hali. Ya duba Awaisu sosai, ya ce wadda ta fara aikin ta yi ƙoƙari, kuma har yanzu akwai abin da za a iya yi. Ya ce su riƙa kawo shi duk mako.

Mannir ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Duk mako, ranka ya daɗe? Daga Maska?"

"To ko bayan mako biyu," in ji saurayin, yana duban ƙasa.

Suka yi godiya suka fito. Ba su sake komawa ba, kuma ba su taɓa zama sun ce ba za su koma ba.

Awaisu ya ci gaba da girma. Ya fi ƙarfin bahon, ƙafafunsa suka riƙa harɗewa kamar almakashi, hannun daman ya koma ya dunƙule. Kulu ta yi nauyi ba ta iya ɗaga shi, Inna kuma ƙugu ya hana. Sai in Mannir na gida ake zaunar da shi a jingine da buhun masara, in ya fita kuma a mayar da shi tabarma. Abin da ya samu dai bai gudu duka ba. Yana cin tuwo in an yi masa laushi, yana kai lomar da hagu. Yakan ɗaga kai ya bi mutum da kallo har zaure. Amma Kulu tana ganin watanni suna wucewa ta kansa, ta san me suke tafiya da shi, ba ta kuma da yadda za ta tare su.

Wata rana da hantsi tana tace ƙullun waken suya, sai ta ji sallama. Wata yarinyar mace ce, baƙuwa, da goyo. Ta ce sunanta Najiba, daga wani ƙauye ta hanyar Danja, mijinta ne ya sauke ta ya wuce kasuwa. Bayan sun gaisa ta yi ta murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Yaya, wurinki aka turo ni. An ce kin san abin da ake yi wa yaran da ba su zauna ba."

"Wa ya ce?"

"Haka ake faɗa a garinmu. Mun je Funtuwa aka ce mai yin ta tashi. Wata a bakin asibitin ta ce in zo Maska in tambayi gidan awara."

"Ni ba malama ba ce, ƙanwata."

"An ce naki yana cin tuwo yanzu."

"Yana ci."

"To ki nuna mini ko kaɗan ne."

Ta kwanto goyon. 'Ya mace ce, Ummukulsum, ta shekara da wani abu, kyakkyawa, gashinta a kitse da 'yan zare. Kulu ta goge hannu ta karɓe ta, sai ta ji yarinyar ta narke mata a hannu kamar rigar da aka jiƙa. Kan ya tafi baya, hannaye suka zube, ƙafafu suka baje. Kulu ta yi maza ta tallafe ƙeyar. Ta tuna ta sha ganin irin waɗannan a bencin asibiti, ta kuma tuna malamar ba yadda take riƙe Awaisu take riƙe su ba. Amma yaya take yi? A lokacin idonta na kan nata, ba ta kalla ba.

Ta daɗe da yarinyar a cinya. Najiba ta zuba mata ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Taki ba irin nawa ba ce," in ji Kulu a ƙarshe. "Nawa ƙagewa yake yi, taki saki take yi. Abin da aka koya mini na masu ƙagewa ne, shi ma rabi na riƙe. Ina tsoron in nuna miki abu ya cutar da ita."

"To ina zan je?"

"Akwai Zariya."

"Maigidana ya ce ba zai iya Zariya ba."

Inna da ke zaune a ƙofar ɗakinta tana jin su ta ce, "Allah ya kawo mafita, 'yar nan." Najiba ta ce amin, hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

Ba ta tafi ba, domin mijin sai la'asar zai biyo. Kulu ta shimfiɗa wa yarinyar zane a inuwa kusa da Awaisu, ta koma kan aikinta. Najiba ta tashi ta kama mata tata ba tare da an roƙe ta ba, ta iza wuta, ta yanka awarar da aka danne. Suka yi sallar azahar, suka ci abinci a kwano ɗaya. Sun yi hirar tsadar waken suya da ta haihuwar da Kulu ke jira, ba su sake komawa kan maganar yaran ba. Su kuwa yaran suna kwance, Awaisu ya juyo da kai yana ta kallon baƙuwar, ita kuma tana kallon ganyen darbejiya.

Da la'asar aka ji hon ɗin babur a waje. Kulu ta taimaka aka ɗora mata yarinyar a baya, ta ɗauko wani tsohon ɗankwalinta ta zagaya ta ƙeyar ta ɗaure, don kada kan ya yi ta lilo a hanya. Ta ƙulla mata awara a leda. A zaure Najiba ta tsaya.

"Yaya, in dawo?"

Kulu ta so ta ce mata kada ta wahalar da kanta, babu komai a nan. Amma ta dubi fuskar Najiba ta kasa.

"Ki dawo," ta ce. "Ko ba komai ma gaisa."

Ta tsaya daga cikin zauren har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Sannan ta koma ciki a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, domin yara sun fara taruwa da kwanukansu, ga wuta ta kusa mutuwa.